Tashi Daga Tsohuwar Manhajar Tace Bidiyo Zuwa Ta Ƙwararru: Me Ke Bin Mutum, Me Ke Zama A Baya?

Da wuya ka ga mai tace bidiyo ya rabu da manhajar da hannunsa ya saba da ita don ganin dama kawai. Yawanci wani fayil ne ke korar sa. Ana tsaka da haɗa bidiyon biki, sai ƙanwar amarya ta turo abin da ta ɗauka da wayarta a wajen kamu, ta ce lallai sai an saka. A jefa shi cikin tsohuwar VideoStudio, sai a ji kiɗa da guɗa tangaran, hoto kuwa baƙi ƙirin. Ko kuma kwamfutar ce ta mutu, aka sayo wata, aka nemi Movie Maker sama da ƙasa aka rasa, domin tun watan Janairun 2017 kamfanin Microsoft ya janye ta. Daga nan ake fara tambayar abokan sana'a: cikin manhajojin ƙwararru, Premiere zan koma ko DaVinci Resolve?

Tambayar ba laifi ba ce, sai dai ta yi wuri. Zaɓen suna shi ne mafi sauƙi a cikin lamarin. Abin da ba a faye gaya wa mutum ba shi ne, tsohuwar manhajar ta daɗe tana yanke masa hukunci a ɓoye: girman hoto, yawan firem (hotunan da ke jeruwa su zama bidiyo) a daƙiƙa, launi, inda fayil zai zauna. Ta ƙwararru kuwa za ta zube masa waɗannan duka a gabansa ta ce ya zaɓa. Wanda bai san an taɓa yi masa zaɓin ba, shi ne ke cewa sabuwar tana da wuyar sha'ani.

Tsofaffin manhajojin nan ba lalacewa suka yi ba, zamanin da aka ɗinka su dominsa ne ya shuɗe. Movie Maker ta fara fitowa a 2000 tare da Windows Me. Ulead, kamfanin Taiwan da ya ƙirƙiro VideoStudio, ya koma ƙarƙashin Corel a 2006, ita ma Pinnacle Studio ta bi ta hannun Avid a 2005 kafin ta faɗa hannun Corel a 2012. A lokacin da suke tashe, bidiyo kusan launi ɗaya ne: kaset ɗin MiniDV, a jona kyamara da kwamfuta ta wayar FireWire, a zuba. Faɗin hoton ɗigo 720, tsayinsa 576, firem 25 a daƙiƙa a ƙasashen da ke bin tsarin PAL irin su Najeriya da Ghana da Ingila. Awa guda ta ci wajen gigabait 13. Shi ke nan, babu wani kewaye-kewaye.

Yi lissafin da kanka. Wancan hoton yana da ɗigo 414,720 a kowane firem. Na 1080 da aka koma yana da 2,073,600, ninki biyar cif. Na 4K yana da 8,294,400, ninki ashirin. Ga shi kuma da yawan tsofaffin manhajojin an gina su ne a kan tsarin bit 32, wanda ba ya iya amfani da ram, wato ƙwaƙwalwar da kwamfuta ke aiki da ita nan take, fiye da gigabait 4 ko da ka cika kwamfutar da shi maƙil. Sannan salon matse bidiyo na H.265, wanda wayoyin iPhone suka fara amfani da shi a 2017, sai a 2013 aka kammala tsara shi. Manhajar 2008 ina za ta san shi? Wannan ne asalin baƙin hoton ƙanwar amarya.

Tsohon aikinka ba zai bi ka ba

Nan ne ya fi ciwo, don haka gara a faɗe shi ba ɓoye-ɓoye. Fayil ɗin aiki da kake ajiyewa, wanda masu sana'a ke kira furojek, babu bidiyo a cikinsa ko na daƙiƙa ɗaya. Takardar umarni ce kawai: ɗauko fayil kaza daga folda kaza, yanke daga minti kaza zuwa kaza, ɗora waƙa a ƙasa. Kowane kamfani kuma da harshensa yake rubuta wannan takarda. Wadda Movie Maker ta rubuta, Premiere Pro ba za ta iya karantawa ba. Ta VideoStudio ma DaVinci Resolve ba ta san da zamanta ba.

Kada ka ce ƙananan masu sana'a kaɗai abin ya shafa. A watan Yunin 2011 kamfanin Apple ya fitar da Final Cut Pro X a kan kusan dala 300, ya janye Final Cut Pro 7 daga kasuwa, manhajar da gidajen talabijin da ɗakunan tace finafinai da dama a Amurka da Turai suka gina aikinsu a kanta. Sai ga shi sabuwar ba ta buɗe furojek ɗin tsohuwar, alhali uwa ɗaya uba ɗaya suke. Ba ta kuma zo da damar tace kyamarori da yawa a lokaci guda ba, sai a Janairun 2012 aka mayar da wannan. Ƙorafi ya yi yawa har Apple ya koma sayar da tsohuwar ta wayar tarho a watan Satumba na 2011. Adobe mai Premiere da Avid kuwa suka ga banza ta faɗi, suka karya farashi ga duk mai son sauya sheƙa, mutane suka yi ta tururuwa. Daga baya, da macOS High Sierra, sabon tsarin kwamfutocin Apple, ya fito a 2017, Final Cut Pro 7 ta daina tashi gaba ɗaya a kansa. Wanda bai kwashe ayyukansa da wuri ba, sai dai ya nemi tsohuwar kwamfuta.

Akwai gadoji tsakanin manhajojin ƙwararru, guda uku aka fi sani: EDL da XML da AAF. EDL shi ne dattijon cikinsu, tun zamanin tace kaset da kaset, jerin wuraren yanka kawai yake ɗauka. XML ya fi shi ɗaukar kaya, shi ake bi a kai aiki daga Premiere zuwa Resolve. AAF kuma an fi amfani da shi wajen miƙa sauti ga mai gyaran sauti. Amma ko a tsakanin manyan, yanka da jeri ne ke tsallakawa lafiya. Rubutun da ka ƙawata, gyaran launi, rage gudun hoto, kwalliyar shiga da fita, yawanci a bakin gada suke zubewa. Ƙananan manhajoji irin Movie Maker kuwa ba su ma da gadar.

To mene ne abin yi? Duk aikin da ka fara a tsohuwa, ka ƙarasa shi a can. Wanda ka gama kuma kana jin wata rana za a dawo a ce a gyara suna ko a cire wani, ka fitar da shi da mafi kyawun ingancin da manhajar za ta iya, sau biyu: ɗaya cikakke, ɗaya tsirara babu rubutu babu waƙa, sannan ka fitar da sautin daban. Ainihin abin da kyamara ta ɗauka kuma ka adana shi, kada ka taɓa.

A nan ne ma ɗabi'ar ajiya ke tona asiri. Mai tsohuwar manhaja ya saba watsa fayil ko'ina: wani a fuskar kwamfuta, wani a filashin abokinsa, waƙar kuma tana foldar da ake sauke abubuwa daga intanet. Ranar da ya matsar da folda ɗaya ko ya sauya mata suna, sai Premiere ko Resolve ta cika masa fuska da jan allo mai cewa fayil ya ɓata. Bai ɓata ba, adireshinsa ne ya sauya. Kowane aiki ya sami foldarsa guda, a cikinta a ware na kyamara, na sauti, na hotuna, na abin da aka fitar, kuma a kwafe komai ciki kafin a buɗe manhaja. Abin kamar wasa, amma rabin kukan sababbin shiga daga nan yake.

Kwamfutar da ta isa jiya

Sau da yawa za ka ji an ce Resolve tana da nauyi. Gaskiya ne, amma ba ita kaɗai ke da laifin ba. Fayilolin da wayoyi da ƙananan kyamarori ke fitarwa, H.264 da H.265, an yi su ne don su yi ƙanƙanta, ba don a yanka su ba. Dabarar ita ce, ana ajiye cikakken hoto guda, sannan firem da yawa da ke biye ba a ajiye komai a cikinsu sai bambancinsu da na kusa da su. Kamar malamin da ya rubuta sunayen ɗalibai ranar Litinin, sauran kwanaki kuma yana rubuta wanda bai zo ba kawai. In kana kallo daga farko zuwa ƙarshe, lafiya lau. Amma mai tacewa tsalle yake yi, ya je gaba, ya dawo baya, ya tsaya a tsakiya. Duk inda ya tsaya, sai kwamfuta ta koma ta nemo cikakken hoton baya ta sake lissafi har zuwa wurin. Wannan ne sarƙewar da kake gani.

Maganin da ƙwararru suka daɗe da shi shi ne salon da ke ajiye kowane firem cikakke, irin ProRes na Apple da ya fito a 2007 da DNxHD na Avid. Suna da sauƙin tacewa, amma suna cin wuri ba kaɗan ba. Shi ya sa aka fito da dabarar wakili, wadda ake kira furoksi: manhaja ta yi ƙaramin kwafi mara nauyi na kowane fayil, ka yi duk yankanka a kansa, in an zo fitarwa sai ta koma ta ɗauko na ainihin. Premiere da Resolve da Final Cut duk suna yi. A ganina wannan ita ce babbar ribar ƙaurar ga mai ƙaramar kwamfuta, ta fi duk wata kwalliya da ake tallatawa. Ka bar ta ta kwana tana haɗa wakilai, da safe ka tarar 4K na tafiya sumul a na'urar da jiya take haki.

Duk da haka akwai iyaka. Kamfanin Blackmagic, mai Resolve, yana neman ram gigabait 16 gare ta, 32 in za a shiga sashen Fusion na haɗa siddabarun hoto, kuma manhajar ta dogara ƙwarai da katin hoto mai zaman kansa. Kwamfutar ofis mai gigabait 4 ba za ta kai labari ba. In kuɗin kaɗan ne, a fara da sauya tsohon faifan ajiya mai juyawa da SSD, ma'ajiya mai sauri marar juyawa, sai ram, sai katin hoto. Kuma mu da muka san halin wutarmu, ƙaramar na'urar riƙe wuta ta shiga lissafi tun farko. Ɗaukewar wuta a tsakiyar renda, wato fitar da bidiyon da aka gama, asarar awa ce, a tsakiyar ajiye furojek kuwa tana iya zama asarar mako.

Firem 25 ko 30

Ga wani hukunci da tsohuwar manhaja ke yankewa ba ka sani ba. Wutar lantarkin Najeriya da Nijar, kamar ta Turai, tana kaɗawa sau 50 a daƙiƙa, ta Amurka sau 60. Daga nan aka samo firem 25 a nan, kusan 30 a can. Wayoyi da yawa kuma da 30 suke zuwa. Shi ya sa wani lokaci bidiyon da aka ɗauka a ɗakin taro za ka ga haske na rawa ko wasu layuka na sauka a hankali: gudun kyamara da na fitila ba su daidaita ba. In babbar kyamara ta ɗauka a 25, wayoyin 'yan biki kuma a 30, dole ɗaya ta bi ɗaya, kuma kai ne za ka faɗa. A Resolve ma, da zarar ka shimfiɗa hoto a kan taimlayin, wato layin da ake jera yanka, yawan firem ɗin wannan taimlayin ya kulle, sai dai ka buɗe sabo.

Waya na da wani halin kuma. Ba ta riƙe gudu ɗaya, takan rage firem in haske ya yi ƙasa ko ta ɗau zafi. A gajeren bidiyo ba a lura. A wa'azin awa guda kuwa, sai ka ga a farko baki da murya suna tare, a ƙarshe malam ya rufe baki murya na ci gaba. Akan wuce da irin wannan fayil ta HandBrake, wadda kyauta ce, a daidaita gudunsa kafin a shigar da shi.

Launi shi ne abin da ya fi jan mutane zuwa Resolve, kuma da dalili. Asalinta na'urar gyaran launi ce ta manyan ɗakunan finafinai, mai tsadar da ƙaramin ɗan kasuwa ba ya ko tambaya, kafin Blackmagic na ƙasar Ostareliya ya sayi kamfanin da ke yin ta, da Vinci Systems, a 2009, ya fitar da ta kyauta a 2011, ya ƙara mata sashen sauti na Fairlight a 2017 da Fusion a 2018. Amma a nan ma akwai abin da ke firgita baƙo. Kyamarori da yawa yanzu suna da salon ɗauka da ake kira log, wanda hotonsa ke fitowa fari-fari kamar an wanke shi da ruwa. Ba lalacewa ya yi ba. An shimfiɗe haske ne da gangan don kada fari ya ƙone, baƙi kuma ya toshe, sai a wajen tacewa a mayar da shi ma'aunin Rec. 709 da yawancin talabijin ke bi. Haka bidiyon HDR, mai faɗin haske, da iPhone ke ɗauka tun daga iPhone 12 a 2020: jefa shi cikin aikin da ba a saita ba, ka ga fuskoki sun yi fau kamar an haska su da fitilar mota.

Bambancin bit 8 da bit 10 ma a nan yake aiki. Na farko matakai 256 yake da su a kowane launi, na biyu 1,024. Ka tuna ango cikin farar shadda mai ƙyalli tsaye a rana, fuskarsa baƙa, hula ta yi mata inuwa. Kyamara na son ta ceci rigar ta bar fuskar cikin duhu, ko ta ceci fuskar rigar ta ƙone. A tsohuwar manhaja maɓallin haske ɗaya ne, in ka ɗaga komai ya tashi tare. A ta ƙwararru kana iya zagaye fuskar kaɗai, manhaja ta riƙa bin ta duk inda ta juya, ka ɗaga haskenta ka bar shaddar yadda take. Akwai kuma ma'aunai da ke nuna maka haske da launi a zane, don kada ka dogara da allon kwamfutarka, wanda sau da yawa ƙarya yake yi. Ni dai in za a tambaye ni dalili ɗaya da ya isa mai ɗaukar bukukuwanmu ya sha wahalar ƙaura, wannan zan nuna.

Sauti kuwa a taƙaice: bidiyo da 48,000 yake aiki a ma'aunin ɗaukar sauti, waƙoƙin faifan CD kuma 44,100, manhajar za ta daidaita su, amma ka saita aikinka a na farkon. Murya layinta daban, kiɗa daban, hayaniyar wuri daban. Mai kallo na yafe hoto mai dishi-dishi, ba ya yafe muryar da ba ya ji.

Batun kuɗi

Tun 2013 Adobe ya daina fitar da sabon zubin manhajarsa don saye na dindindin, CS6 ce ta ƙarshe. Yanzu haya ce, wata-wata ko shekara-shekara, ranar da ka daina biya ƙofa ta rufe, furojek ɗinka na nan amma ba abin buɗe shi. Ga wanda ke karɓar kuɗin aikinsa da naira ko sefa, kowace faɗuwar darajar kuɗi ƙarin haya ce. Abin da Premiere ta fi shi ne yawan jama'a: in za ka riƙa musayar aiki da wasu, ko kana neman aiki a gidan talabijin, sai ka duba abin da suke amfani da shi, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Final Cut sai a na'urorin Apple. Avid Media Composer, wadda ta fito tun 1989, har yanzu tana da ƙarfi a manyan finafinai, amma ba nan mai tasowa daga Movie Maker zai fara ba.

Resolve ta kyauta ba ta gwaji ba ce, ba ta ƙarewa bayan wata guda, kuma tana fitar da aiki har 4K. Mai kuɗin, wadda ake kira Studio, dala 295 ce biya ɗaya. Abin da aka riƙe a ta kyautar ya haɗa da na'urar share ƙurar da ke fitowa a hoton dare, sannan wasu fayilolin kyamara masu bit 10 ba sa buɗuwa a cikinta a kan Windows. Ka gwada fayil ɗin kyamararka tukuna kafin ka yanke shawara. In kwamfutar ta gaza gaba ɗaya, akwai Kdenlive da Shotcut, kyauta ne kuma ba su da nauyi sosai.

Ba sai an ɓoye ba, da yawa da manhajar da aka fasa, wato ta sata, suka koyi sana'ar. Ban da batun haƙƙin mai abu, ita fasasshiyar ba ta karɓar sabuntawa, kenan matsalar da ta kore ka daga tsohuwa tana nan tafe ranar da sabuwar waya ta fito. Kuma wanda ya fasa ta ya ba ka kyauta, ba ka san me ya cusa a ciki ba. Tunda ga halastacciya kyauta, hujjar ta yi rauni.

Wata gaskiyar kuma, ba kowa ne ke buƙatar wannan ƙaura ba. Mai yin bidiyon minti ɗaya don TikTok, CapCut ta ishe shi har da saura. Ta ƙwararru tana biyan wahalarta ne in aiki ya yi tsawo, kyamarori sun kai biyu ko uku, ko akwai wanda zai karɓi aikin daga hannunka ya ci gaba.

Makonnin farko za ka koma kamar ɗan koyo, aikin awa biyu ya ci maka yini. Hannu ne ke neman maɓalli a inda ya saba. Abin da ke dawo da sauri shi ne barin linzami a koma allon rubutu: J baya, K tsaya, L gaba, I alamar farkon yanka, O ƙarshensa. Waɗannan biyar iri ɗaya ne a Premiere da Resolve da Final Cut da Avid, ka koye su sau ɗaya ka huta. Za ka kuma lura babu tarin furanni da zukata masu juyawa da aka saba jerawa tsakanin hoto da hoto. Wasu na jin kewarsu. Ni ban ji ba. Sai dai kada a fara wannan koyo a watan Sha'aban, lokacin da bukukuwa ke cunkushewa kafin azumi kuma kowace uwar amarya na kiran waya. A samu lokacin da kasuwa ta lafa, a ɗauki tsohon aikin da aka riga aka miƙa, a sake haɗa shi daga farko a sabuwar. Haka nan in aiki na tafiya, kada a sabunta manhaja a tsakiyarsa, domin furojek ɗin da sabon zubi ya taɓa yawanci ba ya komawa tsohon zubi.

Tsohuwar kwamfutar kuma kada a yi saurin sayar da ita. Microsoft ya daina kula da Windows 7 tun Janairun 2020, don haka a cire ta daga intanet, a bar ta a kusurwa da manhajarta yadda take. Kwamfutocin yanzu ba sa zuwa da ƙofar FireWire, Resolve kuma ba ta zuba kaset ta wannan hanya. Ranar da wani ya shigo da kaset ɗin MiniDV na bikin iyayensa a leda, ita za a kunna. A zuba shi a can, awa guda gigabait 13, a kwafo fayil ɗin zuwa sabuwar. In an ga gefen hannu ko mayafi na fitar da ƙananan layuka kamar haƙoran matsefi duk lokacin da aka motsa, ba kaset ɗin ne ya lalace ba: an ɗauke shi ne rabi-rabi don tsohuwar talabijin, layi ɗaya a tsallake ɗaya, kuma akwai wurin da ake danna wa sabuwar manhajar ta haɗe su kafin a fara yanka.